Ƙanƙarar Karas

Kafin in ci gaba, bari in amsa wa baiwar Allahn nan da ta rubuto a ƙasan kashin labarin nan da ya wuce, wai namiji mai furfura a gemu ba ya rubuta labarin soyayya, ya bar wa yara. 'Yar'uwa, na ji. Ni ma da an shawarce ni, da na yi abina tun gashin kaina yana nan. Amma ita wannan aba ba ta duba madubi kafin ta shigo hanya, ba ta kuma ba da sigina. Ni dai ƙarar karo kawai na ji.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: sana'ata koyar da tuƙi. Ɗalibai suna kirana Malam Birki, don a motar koyarwa birki biyu ne, ɗaya a ƙafar ɗalibi, ɗaya a tawa, kuma tunda nake ban taɓa barin na ɗalibi ya riga nawa ba. Na taɓa aure tuntuni, muka rabu lafiya, ba ɗa ba jika. Tun daga nan daga ni sai butar shayi.

Sai ga Ɗalibata. Mijinta ya rasu tana da ciki, ya bar mata mota a tsakar gida an lulluɓe da tamfol. Da ta haihu ta koma aikinta a ɗakin gwajin jini, ta gaji da tsayuwar jiran tasi, ta zo koyon tuƙi. 'Yarta yanzu wata tara. Ni nake kiranta Mai Shari'a, domin ranar da aka fara nuna mata ni ta dube ni tun daga sanƙo har takalmi, ta ɗage zaman ba tare da ta ce komai ba. Kullum uwar ta tafi aiki, yarinyar tana hannun Kaka, mahaifiyar marigayin, wadda ke zaune a ƙasan benen da suke. Da maganata ta isa kunnen Kaka, abin da ta ce gajere ne: aure ba ta hana ba, amma jikarta ba za ta bi kowa zuwa gidan da hankalinta bai kwanta da shi ba, in ya so uwar ta tafi, 'yar ta zauna. Ɗalibata kuma ta faka a gefen titi, ta ja birkin hannu da kyau kamar yadda na koya mata, ta ce, “Malam, in babu ita, babu ni.”

To kun ji inda aka kwana.

Maganar abinci kuwa ga yadda ta samo asali. Wata rana ta zo darasi ido jawur, ta kashe min mota har sau uku kafin mu fita daga layi. Na ce lafiya? Ta ce Mai Shari'a ta ƙi abincin gwangwani, kowane iri aka kawo sai ta tofar, ita kuma kafin ta dawo daga aiki ta fere, ta dafa, ta markaɗa, ta tace, ta wanke kwanuka, ƙarfinta ya ƙare. Ni da bakina, ba wanda ya aike ni, na ce, “Ai wannan abu ne mai sauƙi.”

Ta juyo ta dube ni har mota ta nufi kwata. Na taka birki.

Mutumin da iyakar girkinsa shayi da soyayyen ƙwai, sai ga shi a kanti yana tambayar ƙaramin injin markaɗe, da rariya mai laushi, da farantan ƙanƙara. Mai kantin ya ce, “An samu ƙaruwa ke nan, Alhaji?” Na ce ana dai nema.

Da karas na fara. Na tafasa shi har ya manta sunansa, na markaɗa, na ɗanɗana, na ji lami. Na ce wannan ai zalunci ne. Na ɗan barbaɗa gishiri, na bi da sukari don a sasanta, na ɗauki hoto na tura mata.

Ta rubuto: “Ya yi kyau. Me ka sa?”

Na rubuta: “Ɗan gishiri. Ɗan sukari.”

Ta rubuto: “To Allah Ya sa ka ci lafiya. Wadda ba ta kai shekara ba, ba gishiri, ba sukari, ba zuma.”

Na cinye abina. A makon nan na ci karas har na fara zargin zan iya ajiye tabarau. Amma sannu a hankali hannu ya faɗa. Na gane ba a jefa kayan cikin ruwa su yi ta iyo. Rariyar ƙarfe ake ɗorawa a bakin tukunya a rufe, tururi ya dafa su har cokali mai yatsu ya shige ba gardama. A markaɗa da ɗan ruwan tukunyar, a tace saboda zare-zaren da ke maƙale wa yaro. Sabon abu shi kaɗai ake ba shi na 'yan kwanaki, a ga ko ciki ya karɓa, kafin a haɗa shi da wani. Wannan bai ba ni wahala ba, don ni ma ba na koya wa mutum ribas ranar da ya fara sanin kuloci. In ya huce sai a zuba a farantin ƙanƙara, kowane gurbi lomar zama ɗaya, a sa a firiza. Karas da dankali, kabewa, koren wake, tuffa, kowanne da farantinsa.

Ranar darasi sai in juye ƙanƙarar a 'yar kula, in tura ƙarƙashin kujera. In mun gama, ta ɗauka ta sa a jaka, ba mai kallon wani, kamar masu fasa-ƙwauri. A gida ta juye a robobinta masu murfi, da safe ta miƙa wa Kaka tare da yarinya. Kaka kuwa ba ta sa wa jikarta cokali a baki sai ta fara ɗanɗanawa. Har yabo take yi: “'Yar nan, hannunki ya faɗa. Wa zai yi wa ƙawata irin wannan in ba uwa ba?”

Ranar Juma'a da yamma ina goge gilashin mota saƙon Ɗalibata ya shigo.

“Mama ta ce gobe bayan la'asar za ta zo ta ga gidan da idonta.”

“Madalla. In nuna mata kicin?”

“Malam.”

“Na'am.”

“Kada ka kuskura. In ta san abincin wani namiji take ba 'yar ɗanta duk wannan lokaci, ni na zama maƙaryaciya, kai ka zama mai shisshigi. Ka ɓoye injin nan.”

“An gama.”

“Kuma kada ka sa rigar nan mai ruwan ƙasa.”

“Me ta yi?”

“Ta yi aikinta. A bar ta ta huta.”

Na naɗe injin markaɗe a tawul na tura cikin kabad na kaya. Rariya ta shiga ƙarƙashin gado. 'Yan cokulan roba masu laushi na zuba su a aljihun rigar sanyi. Na tsaya a tsakiyar kicin na duba hagu, na duba dama, na duba baya, yadda nake koyarwa. Ban buɗe firiza ba. Mai koyar da duba madubi, shi ne bai duba ba.

Gidan da babu mace ba a karɓar baƙuwa irin Kaka haka kawai, don haka na kira Yaya. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye ni, kuma har gobe ba ta yarda na sauka ba. Tun farko ba ta son maganar nan. Ta iso tun azahar da labulenta a jaka, don wai nawa sun yi kama da tsumman goge mota, tana ratayawa tana magana da allura a baki.

“Duk matan garin nan ka rasa wadda za ka ɗauko sai mai goyo. Kai da ko kyanwa ba ka taɓa riƙewa ba.”

“Yaya, kyanwa ai ba ta son a riƙe ta.”

“Rufe min baki. Miƙo min wancan.”

Yaya ba ta san komai game da karas ba. Na gwammace Kaka ta kama ni sau goma da Yaya ta kama ni sau ɗaya, domin ita in ta ji, kafin magariba dangi na nesa ma sun ji. Wani abu kuma da ya kamata ku sani: Yaya tana da tabarau, amma ba ta sa shi a gaban baƙi. Wai yana tsufar da ita.

Suka iso a tasi. Kaka doguwa ce siririya, da mayafi shuɗi mai duhu ba ado ko ɗaya, carbi a naɗe a wuyan hannu, jaka a rungume. Ɗalibata cikin doguwar riga ruwan toka, ba kwalli ba jan baki, kamar mai zuwa ɗaukar sakamakon gwaji. Mai Shari'a a kafaɗarta cikin 'yar riga ruwan ƙwai, safa ɗaya a ƙafa, ɗayar a hannu. Ni kuma farar riga na sa, wadda na goge har karinta yana iya yanka burodi.

Bayan gaisuwa Kaka ba ta zauna ba. Ta taɓa ragar taga. Ta girgiza ƙarfen baranda. Ta sunkuya ta dubi soket ɗin da ke kusa da ƙasa, ta dube ni, na ce za a rufe. Sannan ta zauna a bakin kujera, jaka a kan gwiwa.

“Ka taɓa riƙe jariri?”

“Sau ɗaya, Mama. Aka karɓe.”

Ba ta yi dariya ba. Mai Shari'a ma haka. Na gane inda aka gado abin.

Ana cikin haka Yaya ta fito daga kicin da tire, kofunan gilashi huɗu cike da lemo, tana tafe tana fara'ar da ban taɓa ganin ta yi min ba.

“Hajiya, a sha sanyi. Ashe ƙanen nan nawa ya waye ban sani ba, har ƙanƙara mai launi yake yi. Na sa miki ja, ni na ɗauki kore.”

Jama'a, ƙafata ta dama ta daki tayil da ƙarfi. Birki nake nema. Babu birki a falo.

Ɗalibata ta runtse ido. Kaka ta yi bismilla ta kurɓa. Ta sauke kofin ta dube shi. Ƙanƙarar ta fara sakin jiki, wani abu mai kauri yana sauka ƙasan lemon a hankali. Ta karɓi ƙaramin cokali daga tire, ta kamo abin da ya rage, ta sa a harshe. Ta daɗe tana juya shi a baki.

“Karas da dankali,” in ji ta. “Babu gishiri.”

Ta ajiye cokalin a tire.

“Wannan hannun na san shi.”

Yaya ta ce, “Wane hannu?” Ta kai nata kofin baki ta yi kurɓa mai kyau, irin ta wanda ya rataya labule tun azahar. Koren wake ne. Abin da ta faɗa bayan nan ba zan rubuta ba, akwai yara a wannan shafi.

Ɗalibata ta ce, “Mama, ni ce na...”

“Ba ke nake tambaya ba.” Ta juyo gare ni. “Tun yaushe?”

“Tun da ta fara tofar da na gwangwani.”

“Saya kake yi ko sawa kake a yi maka?”

“Ni nake yi, Mama.”

“Da me?”

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na shiga ɗaki na fito da injin markaɗe a rungume, wata tsohuwar singileti tana reto a jikin wayarsa. Na koma na durƙusa na jawo rariya daga ƙarƙashin gado. Yaya ta lalubo tabaranta a jaka ta sa, baƙi ko ba baƙi.

Kaka ta tashi ta shiga kicin ba ta nemi izini ba, muka bi ta a jere. Ta buɗe firiza. Ga farantai nan a shirye, ja, ruwan ɗorawa, kore, fari, sai gurabun da Yaya ta yi wa ɓarna. Babu nama, babu kifi, babu komai na babban mutum sai rabin burodi. Ta tsaya sanyin yana bugun fuskarta.

“Ɗana ko ruwan zafi bai iya dafawa ba,” in ji ta, ba da kowa take ba.

Ban san ko yabo ne ko tuhuma ba, don haka na yi abin da na fi iyawa a gaban manya, na dubi ƙasa. Na ji Ɗalibata tana jan hanci a bayana.

“Ni kuma ina ta sa wa yarinyar nan albarka a kan aikin da ba ita ta yi ba.”

“Ki yafe min, Mama. Tsoro na ji.”

“Tsoron me? Cizo nake yi?” Ta rufe firizar. “Dafawa daban, ciyarwa daban. Kai, ɗumama biyu.”

Na ciro biyu na kabewa, na sa a ƙaramin kwano, na ɗora kwanon cikin ruwan zafi ina juyawa har suka narke suka yi zafi sosai, sannan na bari ya sha iska. Na ɗiga a cikin wuyan hannuna. Na je aljihun rigar sanyi na ɗauko cokali, Yaya ta bi ni da ido ta ce, “Inna lillahi.” Aka shimfiɗa tabarma a falo, Kaka ta zauna ta ɗora Mai Shari'a a cinya tana fuskantata. Na durƙusa, gwiwoyina suka yi ƙarar da kowa ya ji.

Na ɗebo rabin cokali na nufi bakin. Ta datse shi. Na yi sama da cokalin, na yi ƙasa, na yi ƙarar mota har da canjin giya. Ta dube ni yadda ake duban wanda ya zo kotu ba shaida. Sai ta miƙo hannu ta cafke cokalin.

Kafin in yi tunani, hannuna ya rufe nata. Shekara da shekaru in ɗalibi ya kama sitiyari ba daidai ba, haka nake yi. Na riƙe, ina juya cokalin zuwa inda ya kamata. Ta ja, na ja. Jikinta ya sandare, leɓen ƙasa ya fara rawa, fuskar ta tattaru wuri ɗaya. Na san abin da ke tafe, na kuma san Kaka tana kallo, kuma in kukan nan ya fito, da shi za a tafi gida.

Daga bayana, a hankali, Ɗalibata ta ce, “Malam. Saki.”

Wallahi sakin ya fi min riƙon wuya. Na buɗe yatsuna ɗaya bayan ɗaya.

Cokalin ya tafi kunne. Daga kunne ya sauka kumatu. Daga nan ya yi wani irin juyi da babu shi a littafin tuƙi, rabin kabewar ya sauka a ƙirjin farar rigata. Ƙafata tana ta danna tabarma, amma hannuwana na ajiye su a kan gwiwa. A ƙarshe, ta hanyar da ita kaɗai ta sani, cokalin ya sami baki. Ta tsotse ɗan abin da ya rage. Ta cire, ta duba, ta ga babu komai. Sai ta miƙo min shi.

Na cika na mayar mata. Haka muka yi ta yi: ni lodi, ita tuƙi. Abin da ya shiga ciki bai fi wanda ya shiga gira da gashi ba, amma kwanon ya ƙare, kuma ba a yi kuka ba. Da ta gama ta jefar da cokalin, ta kama babban yatsana da hannu mai danƙo ta riƙe, tana kallon wani wuri daban, kada in ɗauka wani abu ne.

Kaka ta ciro hankici ta goge mata fuska, kunne, wuya, tsakanin yatsu. Ta daɗe tana gogewa, har bayan babu sauran abin gogewa.

“Ita kaɗai ya bar min,” in ji ta.

“Na sani, Mama.”

“Ba ka sani ba. Amma ba laifinka ba ne.” Ta ninke hankicin. “Kwana, ta kwana wurin uwarta, duk inda uwar take. Amma kullum da safe a kawo min ƙawata kamar yadda aka saba. Kai za ka kawo ta, tunda tuƙi ne sana'arka. Da abincinta, a cikin kwanonka, ba a robar wasu ba.”

“In sha Allahu.”

“Kuma kabewar da aka kawo min ranar Talata ta yi ruwa. Na yi shiru ne don kada ran yarinyar nan ya ɓaci. Yanzu da na san mai laifin, ka rage.”

Yaya ce ta raka su bakin titi, ita ta ɗauki Mai Shari'a ma, tana ce mata, “Ke, kin ga abin da kika mayar min da ƙane?” Da ta dawo ta tsaya a ƙofar kicin ta dube ni ina wanke kwano da kabewa a ƙirji.

“Na tuffar nan,” in ji ta, “shi ma ba sukari?”

“Babu.”

“Zuba min biyu in gani.”

Ban kai ga cire rigar ba waya ta yi ƙara. Na goge hannu na duba, ina jiran in ga kalmar da tunda na mallaki waya ban taɓa gani a cikinta ba.

“Mama ta yarda.”

Na rubuta: “Alhamdu lillahi. Ke fa?”

Alamar tana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

“Na ga ka sakar mata cokali. Ni wata nawa ina tuƙi, ban taɓa tsayar da mota da ƙafata ba, kullum ka riga ni. Gobe ka naɗe ƙafarka a ƙarƙashin kujera tun daga ƙofar gida har mu dawo. In mun dawo sai in ba ka amsa.”

Na duba jadawalin gobe, ko da yake na san abin da ke ciki. Babban shataletalen bakin kasuwa ne, da yamma, lokacin da 'yan kasuwa ke tashi.

Na dubi ƙafata ta dama. Ita ma ta san da ita ake.